Yadda ake ƙera ɗan kan jirgin ƙasa mai siffar akwati a ma'aunin HO

Duk mai son ya fara ƙera ƙananan kawunan jirgin ƙasa na kwaikwayo da hannunsa, maimakon sayen haɗaɗɗe, akan ba shi shawarar ya soma da irin wanda Amurkawa ke kira boxcab. Bango huɗu ne da rufi, babu tukunyar tururi, babu hanci mai lanƙwasa. Sai dai jikin da ya miƙe sambal ba ya ɓoye aibu. Taga ɗaya ta karkace da rabin milimita, ido zai kama ta tun daga nesa. Saboda haka aikin nan rabinsa awo ne.

Samfurin da ya fi dacewa a kwaikwaya shi ne mai lamba 1000 na kamfanin Central Railroad of New Jersey, wanda kamfanonin Alco da General Electric da Ingersoll-Rand suka haɗa hannu suka ƙera a 1925. Nauyinsa tan 60, injinsa na dizal mai ƙarfin doki 300 ne ke juya janareta, wutar kuma ta tuƙa ƙafafu takwas. Dokar Kaufman ta 1923, wadda ta nemi korar jiragen tururi daga birnin New York, ita ta buɗe wa irinsa kasuwa. Ya yi aiki a tashar kaya ta Bronx har 1957, yanzu yana ajiye a gidan tarihin B&O da ke Baltimore, shi ya sa hotunansa na kowane ɓangare ba su da wuyar samu.

Kada ka yanka ko ɓallin roba kafin shasi, wato gindin mai ɗauke da inji da ƙafafu, ya zo hannunka. A ma'aunin HO ana rage komai sau 87, tsawon ƙafa ɗaya na awo ya zama milimita 3.5, tazarar layin dogo kuma milimita 16.5. Kan jirgi mai tsawon ƙafa 32 zai fito milimita 112, faɗin ƙafa 10 ya zama milimita 35. Masu wannan sana'a sukan cire bodin ƙaramin kan jirgi na Bachmann, mai tan 44 ko mai tan 70, su ɗora nasu a kai. Ɗora shasin a layi, ka bar shi ya yi ta zagaye gaba da baya na rabin awa. In yana tsalle ko yana ƙara tun yanzu, bodi ba zai warkar da shi ba. Bayan nan auna tsawonsa, faɗinsa a inda ya fi kauri, da tsayin injin daga saman layi. Da wuya awon ya yi daidai da na asali. A bar bodi ya bi shasi ko da zai ƙaru da milimita biyu ko uku, ba wanda zai lura.

Yi gwaji da kwali tukuna. Yanka bango huɗu, liƙa da salatif, kifa a kan shasi, ka tura shi cikin kwana mafi tsanani da kake da ita, wadda a yawancin shimfiɗun layi inci 18 ce daga tsakiyar da'irar zuwa layin. A nan za ka ga ko ƙafafun suna gogar matakala.

Kayan aikin ba su da yawa: fallen robar sitayirin mai kaurin milimita 1 da 0.5 da 0.25, sandar roba mai kusurwa huɗu ta milimita 3, rula ta ƙarfe, ƙaramin sukwaya, wuƙa mai sabon baki, ƙananan magagarai, sanfefa mai lamba 400 da 600, gam na ruwa irin Tamiya Extra Thin, da wayar tagulla ta milimita 0.4.

Bango shi ne inda ya kamata a daɗe. Zana dukan tagogi da ƙofofi a kan fallen milimita 1 tun yana babba, ka huda su kafin ka fitar da bangon. In ka fara yanke bangon, siririn ginshiƙin da ke tsakanin taga da gefe zai karye a hannunka. Ga yadda ake fitar da taga: huda rami a tsakiyarta, ja wuƙa a layukan gefe huɗu sau uku ko huɗu ba tare da dannawa ba, sannan ka tsaga daga kowace kusurwa zuwa ramin, ka tura ɓallayen su faɗi ciki. Tsaya kaɗan kafin layi, magagari ya ƙarasa. Roba ba a yanka ta da ƙarfi. Ana zana mata layi ne a lanƙwasa ta ɓalle. Wanda ya danna wuƙa, bakin zai kauce daga rula, kuma gefen yankan zai kumbura. Bangon dama da na hagu a manna su baya da baya da salatif mai fuska biyu a goge gefunansu tare, don tsawonsu ya zo ɗaya. Amma a duba hoto da kyau, domin tsarin tagogin ɓangarorin biyu ba lallai ya zama iri ɗaya ba.

Jikin na asali cike yake da kawunan ƙusoshin ribit. Hanya mai arha ita ce a ɗauki fallen 0.25, a kifa shi a kan kwali mai tauri, a danna allura mai dakusasshen baki daga baya, sannan a liƙa shi a kan bangon. A nan ne aka fi yin ɓarna. Gam ɗin narkar da roba yake yi, in ya yi yawa tsakanin falle biyu ba shi da hanyar fita, sai fatar saman ta lotsa, ko bangon ya bankare bayan mako biyu. Maganinsa: huda ƙananan ramuka a fallen ciki don tururin gam ya fita, shafa kaɗan, sannan ka ƙara wani fallen 0.25 ta ciki domin jan ya daidaita ta fuska biyu. Danne shi tsakanin gilashi biyu har kwana guda. Wanda bai da haƙurin allura ya sayi ribit na sitika da ake jiƙawa a ruwa. Sun fi daidaito, ana manna su bayan fentin farko.

Wajen haɗawa, liƙa bangon gefe ɗaya da na fuska ɗaya a jikin sukwaya su ba da kusurwa, yi haka ga sauran biyun, sai gobe ka haɗa su. Sa sandar milimita 3 a cikin kowace kusurwa, da wata a tsawon bangon daga sama. Auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangare biyu. In awon bai zo ɗaya ba, akwatin ya murɗe.

Rufi ne ke bai wa wannan kan jirgi kamanninsa. Naɗe fallen 0.5 a jikin bututun ƙarfe, ɗaure shi tam da tsumma, tsoma a ruwan da ya tafasa aka sauke na minti biyu, sannan a ruwan sanyi. Zaɓi bututun da ya fi lanƙwasar da kake so matsewa, domin roba takan ɗan buɗe in an kwance ta. Yanka haƙarƙari huɗu ko biyar daga fallen milimita 1 su riƙe siffar. Lagireton da ke kwance a kan rufin jerin bututu ne masu bin lanƙwasarsa: lanƙwasa wayoyin duka a jikin abu ɗaya don su fito iri guda, ka jera su a kan salatif kafin ka sa gam. Salansa kuwa guntun bututun roba ya isa.

Ƙugiyar jan tarago, irin ta kamfanin Kadee, tsakiyarta ta kasance milimita 9.9 daga saman layi, kamar yadda ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, ta tanada. In ta sauka ƙasa, wayar da ke rataye a jikinta za ta maƙale a mahaɗar layi. Ɗaura bodi da shasi da sukurori biyu, kada ka liƙe, don wata rana za ka buɗe ka sa mai.

Cikin akwatin akwai fili, to a cika shi da nauyi, ƙasa-ƙasa kuma daidai a kan ƙafafun gaba da na baya. In dalma za ka sa, liƙa ta da ifokzi, gam mai ƙarfi da ake gauraya kashi biyu. Farin gam na kafinta yana cin dalma a hankali, ta kumbura ta fasa bodi bayan shekaru. A wanke hannu bayan taɓa ta.

Wanke bodin da ruwan sabulu, fesa fentin farko mai ruwan toka sama-sama. In ya yi kauri zai cinye ribit ɗin da ka sha wahala a kansu. Shafa baƙin fenti ta ciki, in ba haka ba fitila za ta haska farar robar gaba ɗaya. Fitilar LED a wutar bolt 12 tana buƙatar rizisto, wato abin rage ƙarfin wuta, mai om 1,000. Gilashin tagogi shi ne na ƙarshe, bayan lambobi da fentin rufewa sun bushe, kuma da farin gam mai bushewa garau za a manna shi, domin tururin sufagulu yana barin farin hazo a jikin gilashi mai wuyar gogewa.