Yadda zaka bi gasar Masters ta golf har ka gane wa ke gaba wa ke baya

Mutane da yawa suna wuce tashar golf da sauri in suna canza tasha, wai ba abin da ke faruwa, mutum ya buga ƙwallo ta ɓace a sama sai a nuno wani kuma yana tafiya. Gaskiyar magana abin da ke hana su jin daɗi abu ɗaya ne, basu iya karanta allon sakamako ba. In ka iya karanta allon nan to wallahi daren Lahadin ƙarshe na Masters zai hana ka barci. Zan ɗauki gasar 2025 wadda Rory McIlroy ya ci in yi maka bayani da ita, don kusan duk abin da zai iya faruwa a golf ya faru a cikinta.

Masters ana yinta ne duk shekara a watan Afrilu a filin Augusta National da ke jihar Jojiya ta Amurka, tun 1934 aka fara, kuma ita kaɗai ce cikin manyan gasa huɗu na maza da bata canza fili. Sauran ukun su ne PGA a watan Mayu, US Open a Yuni, sai The Open ta Birtaniya a Yuli. Shi yasa nake ba sabon ɗan kallo shawara ya fara da Masters, ramukan da ka gani bana su zaka gani baɗi, a hankali zaka san su ɗaya bayan ɗaya.

Farko ka sa a ranka cewa a nan mai ƙaramar lamba shi ne gwani. Ana ƙirga bugu ne, sau nawa ka bugi ƙwallo kafin ta faɗa rami. Fili yana da rami 18, ana zagaye shi sau huɗu, Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi, rami 72 kenan, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Kowane rami an yanka masa adadin bugun da ake sa ran ƙwararre ya gama da shi, mu kira shi mizani, a allo zaka ga an rubuta PAR. A Augusta akwai ramuka huɗu masu mizanin 3, huɗu masu mizanin 5, sauran goman 4 ne, in ka tara 72 a rana, 288 a kwana huɗu. To lambar nan da kake gani gaban sunan ɗan wasa, -11 ko +3, tazarar da ke tsakaninsa da mizani ce. McIlroy ya gama da bugu 277, ka cire daga 288 saura 11, shi yasa aka rubuta -11. Harafin E kuma yana nufin mutum yana daidai da mizani, bai ci riba ba bai faɗi ba. A allon Masters jan lamba ita ce ta ƙasa da mizani, wato ja shi ne alheri a nan, kore kuwa na wanda yake daidai ko sama.

Kalmomin da zaka riƙa ji a bakin masu sharhi basu da yawa. Badi shi ne ka gama rami da bugu ɗaya ƙasa da mizani, igil biyu ƙasa, bogi ɗaya sama, dabul bogi biyu sama kuma shi ne abin da ke ɓata wa mutum rana. Akwai albatros, uku ƙasa, wannan sai a shekara da shekaru ba a gani ba, Louis Oosthuizen na Afirka ta Kudu ya yi shi a rami na 2 a 2012 amma duk da haka Bubba Watson ya doke shi a ƙarshe.

Yanzu ga inda yawancin mutane ke ruɗewa, kuma nan nake so ka tsaya sosai. Kar ka kalli lambar mutum kaɗai, ka kalli layin da aka rubuta THRU, shi ke gaya maka rami nawa ya gama a ranar. In ka ga F to ya kammala ya shige ciki, lambarsa ta tsaya cak ba zata ƙara motsi ba. Mutum biyu suna iya zama -10 dukkansu amma ɗaya ya gama ɗaya yana rami na 12, waɗannan ba ɗaya suke ba ko kaɗan, na biyun yana da ramuka 13 da 15 a gabansa masu mizanin 5 inda ake samun badi har igil, amma kuma ruwa ne a gaban kowannensu, zai iya hawa -13 zai iya zubowa -7 cikin rabin awa. Kamar wanda ya riga ya kai hatsinsa rumbu ne da wanda nasa ke gona ana jiran ruwan ƙarshe. Layin TODAY kuma na ranar ne kaɗai, shi ke nuna wa ke da zafi yau, sai R1 zuwa R4 bugun kowace rana. Harafin T gaban matsayi, kamar T5, yana nufin sun yi kunnen doki a na biyar. Ƙaramin (a) gaban suna na ɗan wasan sha'awa ne wanda baya karɓar kuɗi, WD ya janye, DQ an kore shi.

Duba yadda wannan ya yi aiki ranar 13 ga Afrilu 2025. McIlroy ya shiga ranar ƙarshe da -12, Bryson DeChambeau na binsa da -10, Justin Rose kuwa yana can -5, tazarar bugu bakwai, ba mai zancensa. A rami na farko McIlroy ya yi dabul bogi, tazarar ta tafi nan take. Ya farfaɗo har ya kai -14 bayan rami na 10, duk wanda ya kalli lamba kaɗai a lokacin zai ce an gama ya kashe talabijin. Sai ya yi bogi a 11, a 13 ya jefa ƙwallo cikin rafi daga kusa ya sake yin dabul bogi, a 14 wani bogin, shi kuma Rose da ke gaba da shi a fili yana ta zuba badi har goma a ranar, ya rufe da 66 ya zauna a -11 da F gaban sunansa. Daga nan lissafin ya koma mai sauƙi, McIlroy ya san lambar da zai doke. Ya riga ya yi badi a 15, ya ƙara wani a 17 ya koma -12, abin da ya rage masa kawai ya yi mizani a 18, sai ya kuskure gajeren bugu ya yi bogi, 73 a ranar, suka yi daidai 277.

In aka yi haka a Masters ba a ƙara wani yini, ana komawa rami na 18 ne su biyun, duk wanda ya fi a ramin ya ci, in sun sake yin daidai a wuce na 10, haka har a samu gwani. McIlroy ya yi badi Rose ya yi mizani, shikenan. Da wannan ya zama mutum na shida da ya ci duka manyan gasa huɗun, bayan Gene Sarazen, Ben Hogan, Gary Player, Jack Nicklaus da Tiger Woods. Ni dai Rose ya bani tausayi ƙwarai, don a 2017 ma haka Sergio Garcia ya doke shi a irin wannan raba gardamar a fili ɗaya, kuma shi ne ya jagoranci allo a ranaku biyun farko na 2025 ɗin.

Wannan na nuna maka wani darasin, kar ka ruɗu da sakamakon Alhamis. Rose ya buga 65 a ranar farko, McIlroy 72, bakwai tsakaninsu. Alhamis da Juma'a abin da zaka sa wa ido shi ne yankewa. Bayan rami 36 ana barin mutum 50 na sama da duk wanda ya yi daidai da na 50 ɗin, sauran su tattara kaya, zaka ga CUT gaban sunansu. A 2025 layin ya tsaya a +2, Bernhard Langer na Jamus mai shekara 67 da ke buga Masters ɗinsa ta ƙarshe bugu ɗaya ya hana shi wucewa. Daren Juma'a kallon ƙasan allo ya fi na sama daɗi, mutane ne ke fafutukar kwana biyunsu. Asabar kuma ita ce ranar da ake sake jera kowa, ita ke nuna wa zai fita a rukunin ƙarshe ranar Lahadi, don na baya a allo su ke fara fita, jagorori su ne ƙarshe.

In lokacinka kaɗan ne to ka jira ramuka 11, 12 da 13, waɗanda ake kira Amen Corner. Na 12 gajere ne, yadi 155 kacal, mizanin 3, amma iska na juyawa a wurin kuma rafi na gabansa. A 2016 Jordan Spieth yana kan gaba ya jefa ƙwallo biyu a ruwan nan ya gama ramin da bugu 7, Danny Willett ya ɗauki gasar. A 2019 Francesco Molinari ma nan ya faɗa ruwa, Tiger Woods ya buga tasa tsakiyar fili lafiya lau, daga nan ya wuce ya ci Masters ɗinsa ta biyar da -13. Duk bugun da ya faɗa ruwa ana ƙara maka bugu ɗaya na hukunci sannan ka sake bugawa, shi yasa lamba ke tsalle haka.

Maganar lokaci, Najeriya da Nijar suna gaban Augusta da awa biyar a Afrilu, Gana awa huɗu. Rukunin ƙarshe na Lahadi yakan fita wajen biyu da rabi na ranarsu, bakwai da rabi na dare kenan a Kano ko Maraɗi, ramuka taran ƙarshe su faɗo wajen goma, a gama wajen sha biyu. Ka yi isha'i ka ci abinci ka sa waya a caji tun da wuri. In baka da tashar wasanni ko data ta yi ƙasa, allon sakamako a shafin Masters da manhajarsu yana sabuntuwa rami bayan rami, ka danna sunan mutum ka ga katinsa, da'ira a kan lamba badi ce, murabba'i bogi ne. Ka zaɓi mutum biyu ko uku ka bi su, kar ka ce zaka bi kowa.

Katin nan ba wasa bane, ɗan wasa ne ke sa hannu a kai kuma abin da ya sa wa hannu shi ne hukunci. A 1968 Roberto De Vicenzo na Ajantina ya yi 3 a rami na 17, abokin wasansa ya rubuta masa 4, ya sa hannu bai duba ba, aka bar masa 4 ɗin, Bob Goalby ya ci da bugu ɗaya ba tare da raba gardama ba.

Bayan an gama, don ka san nauyin sakamakon sai ka gwada shi da na baya. Mafi ƙasa a tarihin Masters -20 ne na Dustin Johnson a 2020, shekarar da korona ta sa aka yi ta a Nuwamba. Tazara mafi girma ta Tiger ce a 1997, bugu 12, yana ɗan shekara 21, kuma baƙar fata na farko da ya ci, shekara 22 bayan Lee Elder ya zama baƙar fata na farko da ya buga gasar a 1975. Nicklaus ke da shida, ta ƙarshen a 1986 yana shekara 46. Vijay Singh na Fiji da ya ci a 2000, shi ne dai wanda ya ci Nigerian Open a 1988 tun ba a san shi ba.

Kuɗi kuwa, a 2025 dala miliyan 21 aka raba, McIlroy ya ɗauki miliyan 4.2. In mutum uku suka yi T5, ana haɗa kuɗin na biyar da na shida da na bakwai a raba musu daidai, sai na bayansu ya zama na takwas, shi yasa zaka ga lambobi na tsallake a allo. Wanda ya ci yana samun koriyar kwat ɗin nan, zakaran bara ne ke sa masa, ya tafi da ita gida shekara ɗaya ya dawo da ita kulob, kuma an gayyace shi gasar har tsawon rayuwarsa. Waɗanda suka gama cikin 12 na farko su ma an gayyace su ta baɗi, don haka in ka ga mutum yana T13 yana ta auna bugunsa na ƙarshe a rami na 18 alhali ba zai ci gasar ba, to kujerar Afrilu mai zuwa yake nema.