Babi na 7: Idan Allon Kwamfuta Ya Ƙi Nuna Hoto Daidai

Wannan babi a gaban kwamfuta ake karanta shi. Ku ja kujera ku zauna, ku buɗe littafin a kan tebur, duk abin da aka ambata ku kai hannu ku taɓa shi. Kwamfutar tebur tana da manyan sassa biyu. Akwai akwatin da ke ƙasa ko gefen tebur, wanda masu shago ke kira si-pi-yu. Akwai kuma allon da kuke kallo, wato monita. Akwatin ne ke yin aiki, allon nunawa kawai yake yi. Saboda haka idan allo ya yi baƙi kuna tsakiyar buga takarda, hankalinku ya kwanta. Muddin akwatin yana kunne, aikinku yana nan a ciki.

Darasi na 1: Wayoyi biyu da ƙaramar fitila

Ku juyo da allon a hankali ku ga bayansa. Wayoyi biyu ne suka fito daga cikinsa. Ɗaya ta wuta ce, tana tafiya zuwa soket. Ɗayar ta hoto ce, tana tafiya zuwa bayan akwati. Ku bi kowace da yatsa har inda ta ƙare.

Wayar hoto iri biyu muka fi gani a nan Katsina. Ta farko mai shuɗin kai ce, sunanta VGA. A cikin kanta akwai 'yan allurai a jeri uku, gurbinsu 15, da ƙusoshin murɗawa biyu, dama da hagu. Ta biyu HDMI ce, kanta siriri, ba ta da ƙusa, irin wadda ake haɗa dikoda da talabijin.

Yanzu ku mayar da allon yadda yake. A ƙasansa akwai ƙaramar fitila. Idan ba ta ci ko kaɗan, wuta ba ta shiga: ku duba soket, ku duba ko an kunna makunnin bango, ku tura wayar wuta ta shige sosai. Idan tana ci da ruwan lemo, ko tana ƙyaftawa, allon yana da wuta, hoto ne bai iso ba. Ku motsa linzami, wato maus, ku danna wani maɓalli a kibod. Wani lokaci barci kawai kwamfutar ta yi.

Darasi na 2: Rubutun No Signal

Wannan ne darasin da ya fi ba ɗalibai wahala, don haka za mu daɗe a kansa. Allo zai yi baƙi ko shuɗi, sai ga ɗan rubutun Turanci yana yawo: No Signal. Ku dubi haruffan da kyau don ku gane su gobe. Na farko N ne, sai O, sai ɗan fili, sai kalma mai farawa da S. Allon yana gaya muku ne cewa hoto bai zo masa daga akwati ba. Allon da ya iya rubuta wannan bai mutu ba.

Idan babu aikin da kuka bari a ciki, ku fara da kashe kwamfutar. Sannan ku kama wayar hoto ta kanta, ban da jan igiyar. Idan VGA ce, ku warware ƙusoshin biyu da yatsa, ku zare ta. Ku dubi bakinta: gefe ɗaya ya fi faɗi, ɗayan ya fi ƙunci. Ramin da take shiga ma haka yake. Ta fuska ɗaya kaɗai take shiga. Idan ta ƙi, ku juya ta, kada ku sa ƙarfi, ƙarfi ne ke lanƙwashe allurai. Idan ta shiga, ku tura ta har ta zauna daram, sannan ku murɗa ƙusoshin, kaɗan a dama, kaɗan a hagu, har su kama.

Kun gama? Ba ku gama ba. Waya baki biyu gare ta. Wanda kuka gyara na bayan allo ne. Saura na bayan akwati.

A nan ne kusan kowa ke tuntuɓe. Bakin da ke bayan allo yana kusa, ido na ganinsa, sai a gyara shi a koma a zauna. Na bayan akwati kuwa yana ƙarƙashin tebur, cikin duhu da ƙura, sai an durƙusa. Kuma shi ne ƙafa ke shura, shi ne tsintsiya ke bugewa lokacin shara. To, ku durƙusa. Alhaji, a naɗe babbar riga. Hajiya, a gyara mayafi. Wanda gwiwa ta hana shi, ya sa a ɗora masa akwatin a kan tebur. Ku haska da tocilar wayarku, ku zare wayar hoto, ku dubi bakinta, ku mayar, ku tura, ku murɗa ƙusoshi. Babu kunya a cikin wannan, haka masu gyara ma suke farawa.

Mu maimaita tare. Bakin allo: zare, duba, mayar, ɗaure. Bakin akwati: zare, duba, mayar, ɗaure. Sai a kunna.

Wani akwatin yana da ramin hoto a wuri biyu, ɗaya a sama kusa da inda ake sa filas, ɗaya can ƙasa a kwance shi kaɗai. Idan naku haka yake, na ƙasan za ku sa. Haka kuma allon da ke da VGA da HDMI duka biyu yana da maɓalli mai rubutun Source ko Input. Ku danna shi har ya nuna sunan wayar da kuka haɗa.

Zan faɗi wata magana, kuma a yi haƙuri da ni. Ana yawan samun mai ɗauko allo a Keke Napep tun daga Ƙofar Marusa ko Ƙofar Sauri zuwa wajen mai gyara a kasuwa, ya bar wayar a gida. Mai gyara ya haɗa da tasa waya, hoto ya fito tas, a biya kuɗi, a koma gida, allo ya sake yin baƙi. Kuɗin mota ya tafi, yini ya tafi. In na tambaya ko an duba bayan akwati, sai a ce ai an duba. Leƙawa daga kan kujera ba dubawa ba ce. Wanda hannunsa bai taɓa bakin wayar ba, kada ya ce mini ya duba. Ƙin durƙusawa ne kawai, kuma ba zan rufe shi ba.

Sau ɗaya kuma: waya baki nawa gare ta? Biyu. Madalla.

Darasi na 3: Launi ya canza

Wayar VGA tana kai launi uku ne, ja da kore da shuɗi, kowanne ta allurarsa. Idan ta shuɗi ba ta taɓa ba, farar takarda za ta koma rawaya. Idan ta kore ce, komai ya koma ruwan hoda. Idan ta ja ce, sai allo ya yi shuɗi-shuɗi mai haske. Maganin dai shi ne na Darasi na 2, a baki biyun. Lokacin hunturu ƙura na cika ramin, ku hure ta kafin ku mayar. Idan kun ga allura a lanƙwashe, ku aro wayar maƙwabci ku gwada. Launi ya dawo, sai ku sayi sabuwar waya.

Darasi na 4: Hoto na rawa ko ɗaukewa

Ku dubi ƙwan fitilar ɗaki. Idan shi ma yana dushewa, wuta ce ta yi ƙasa ko janareto ya yi nauyi. A rage masa kaya, ko a haɗa kwamfutar da sitabilaiza. Idan hoton ya karkace gefe a allon VGA, ku danna maɓallin Auto, zai daidaita kansa. Idan hoto ya daskare a Windows 10 ko 11, ku danne maɓalli huɗu tare: Windows, Ctrl, Shift da B. Allo zai ƙyafta ya dawo.

Darasi na 5: Hoto ya kife

Yawanci aikin yara ne. Ku danne Ctrl da Alt da kibiyar sama. A wasu kwamfutoci ne kawai yake yi. In bai yi ba, ku danna ɓangaren dama na linzami a filin allo inda babu komai, ku zaɓi Display settings, ku nemi Landscape.

Darasi na 6: Na mai gyara

Gilashi ya fashe, ko layi tsaye da ba ya gushewa ko an canza waya, ko ƙaurin ƙuna. Haka ma allon da ya yi duhu amma in an haska shi da tocila ana ganin hoto dishi-dishi, fitilar cikinsa ce ta mutu. Ku cire daga soket. Kada ku buɗe bayansa, wuta na saura a ciki ko bayan an kashe. Ku kai shi tare da wayoyinsa biyu.