Canza inji ko ɗora turbo: yadda za ka zaɓa wa ƙaramar motarka

Mai Golf 3 ko Corolla ko Civic da ke son motarsa ta ƙara ƙarfi hanya biyu ke gabansa: ya sauke injin ya ɗora wanda ya fi shi, ko ya bar nasa ya maƙala masa turbo. Tun ba a zo batun kuɗi ba, lafiyar injin da ke cikin motar ce za ta fara raba gardama.

Ka kai motar gareji a auna matsin kowace silinda, inji da ɗuminsa, an kwance fulogi duka, an taka totur har ƙasa. Lafiyayyen injin fetur yakan nuna tsakanin psi 150 da 200 a ma'aunin matsi, kuma bai kamata ratar da ke tsakanin silinda mafi ƙarfi da mafi rauni ta wuce kashi 10 cikin 100 ba. In injin yana shan baƙin mai, ko yana fitar da shuɗin hayaƙi, ko ya taɓa ƙona gaskit, to ka manta da turbo. Aikin turbo shi ne cusa iska fiye da yadda inji zai iya zuƙa da kansa, kuma ringin da ya gaji ba zai iya riƙe wannan matsi ba.

To a ce injin garau yake. Matsin da ake ɗora wa injin da ba a taɓa cikinsa ba shi ne psi 5 zuwa 7, wato kusan rabin bar a ɗaya ma'aunin matsin. Da shi injin D16 na Civic mai ƙarfin doki 127 zai iya kaiwa 170 zuwa 180. In aka doshi 200 da ɗoriya, siraran kwanrod ɗinsa, wato sandunan da ke riƙe fistan, su ne ke fara lanƙwashewa. Kayan aikin kuwa sun fi turbo ɗin kansa yawa: manifol da zai zauna a kai, bututun salansa mai faɗi, intakula mai sanyaya iska da bututunta, bawul mai rage matsi, nozul manya (na D16 masu cc 240 ne, akan koma 440), famfon fetur da ke tura lita 255 a awa, kuloci mai ƙarfi, da fulogi mai jure zafi da aka matse bakinsa zuwa milimita 0.7.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne layin baƙin mai. Sandar turbo tana juyi sama da sau 100,000 a minti, man ne kaɗai ke riƙe da ita. Akan jawo shi daga gurbin na'urar auna matsin mai, sannan ya koma ta bututu mai faɗin milimita 16 ko fiye, a miƙe ƙasa ba lanƙwasa, ya shiga tukunyar mai sama da inda man ke tsayawa. A kwance tukunyar kafin a huda ta, don kada ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa ciki. Idan bututun ya yi siriri ko ya kwanta, mai zai taru cikin turbo ya tsallaka salansa, motar ta riƙa hayaƙi, a ɗora wa turbo laifin da ba nasa ba.

Sai kuma zafi, wanda a ƙasarmu ba abin wasa ba ne. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, iska na shiga da digiri 40, turbo ya matse ta ta fito tana neman digiri 95. Iska mai zafi haka, ga fetur iri ɗaya tak da galibin gidajen manmu ke sayarwa, ga injin irin 1ZZ na Corolla mai matsi 10 bisa 1: man zai riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, ka ji ƙas-ƙas-ƙas in ka taka a hawa. Wannan ƙara ita ke fasa gefen fistan. Maganinta intakula, da ƙara mai har ya zama kashi 1 ga iska 11.5 zuwa 12 lokacin da turbo ke turawa, da jan lokacin tartsatsi baya. Duk wannan a ƙwaƙwalwar mota ake saita shi, da kwamfuta da na'urar auna iskar salansa. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wa zai yi min wannan saitin, kuma na ga motar da ya yi wa ta shekara tana aiki? In babu amsa, kada ka fara.

Ga mafi yawan masu ƙananan motoci a nan, canza inji ya fi kwanciyar hankali, muddin aka tsaya cikin dangi ɗaya. Golf 3 mai 1.8 da doki 90 za ta karɓi 2.0 na GTI mai doki 115 a kan mazaunin injinta da giyarta. Amma famfon fetur na 1.8 matsin bar ɗaya yake bayarwa, 2.0 kuwa bar uku yake so, don haka dole a canza shi. VR6 mai doki 174 wani aiki ne daban: yana zuwa da giyarsa, da shaftarsa, da kulocin mai maimakon na waya, ga nauyi a gaba. Corolla mai 1.4 ko 1.6 na dangin ZZ tana ɗaukar 1ZZ mai 1.8 cikin sauƙi. Shi 2ZZ da matasa ke kwaɗayi, ƙarfinsa ba ya bayyana sai allurar juyin inji ta kai wajen 6,000, a cunkoson gari da ƙyar za ka ji bambanci. Wanda kuma ya nace sai turbo, gara ya nemi injin da kamfani ya ƙera da shi, irin 1.8T na Golf 4 mai doki 150, domin an riga an rage masa matsi tun daga masana'anta.

A kasuwannin kayan mota irin Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, kada ka sayi injin Beljiyam tsurarsa. Ka karɓo shi da ƙwaƙwalwarsa, da wayarin ɗinsa ba a datse ba, da makulli da akwatin tsaron da ke gane makullin, duk daga mota ɗaya. In ɗaya ya saɓa, injin zai ƙi tashi ko ya tashi ya mutu nan take, daga nan rewaya ya shiga yanke-yanke, ko a ce a mayar da shi kafireto, ƙarfin da ka biya wa kuɗi ya tafi. Ka buɗe murfin baƙin mai ka haska: dasƙararren baƙin laka alamar rashin sabis ce, kumfa mai kalar shayi da madara kuwa na iya nufin ruwa ya shiga. Ka sa sifana a juya injin da hannu, a ji kowace silinda tana turjiya. Ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a jikin rasit, tare da lambar injin. Tun yana ƙasa a canza bel ɗin tayimin in mai bel ne, da famfon ruwa da sil na gaba da baya, domin in ya hau aikin ninkuwa yake yi.

Ko wacce hanya ka bi, birki da lagireto suna cikin lissafi tun farko. Motar da ta ƙara doki 40 tana bukatar faranti da takalmin birkin babbar 'yar'uwarta. A wanke lagireto ko a sa mai kauri, kuma kada a cire tamostat. In inji ka canza, ka je ofishin lasisin motoci da rasit a gyara lambar injin a takardunka, ka kuma sanar da kamfanin inshora.