Yadda za ka adana hujja idan maganin feshi ya jawo maka ciwo

A Amurka, Edwin Hardeman ya maka kamfanin Monsanto a kotu kan Roundup, maganin ciyawar da yake fesawa a gidansa, yana cewa shi ya jawo masa ciwo. A 2019 aka yanke masa diyyar dala miliyan 80, alƙali ya rage zuwa miliyan 25. Idan irin haka ta same ka, ga yadda za ka adana hujja:

1. Garzaya asibiti, ka faɗa wa likita sunan maganin, a rubuta a katinka.

2. Kada ka yar da kwalbar. Ƙulle ta a leda nesa da yara, ka ɗauki hoton lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya) da ke jikinta. Ota-fiya-fiyar da aka ɗura a kwalba marar suna kuwa, wa za ka kai ƙara?

3. Ajiye rasit.

4. Rubuta ranar feshi da ranar da ciwon ya soma.

5. Nemi lauya da wuri, don shigar da ƙara yana da wa'adi.