Dodon koɗi: kurakuran da mutanenmu na Jazira ta Sudan suka fi yi

Jiya ƙanena ya tsinto wani ɗan kwanso a bakin tur'a, wato magudanar ruwan noman rani, ya ce yaya ga halazun, na ce to da Hausa fa? Shiru kake ji. Yaranmu na Maiwurno da Madani Larabci ya cinye musu sunan, dodon koɗi ake ce masa, wasu su ce katantanwa, duk da dai tsofaffi in sun ce katantanwa yawanci kwanson suke nufi, wanda yara ke murzawa a ƙasa yana juyi.

Kwanson kuma ba gidan haya ba ne da zai fita ya sake wani, da shi ake ƙyanƙyashe shi tare suke girma, ka zare shi da ƙarfi ka kashe shi kenan. In ka gan shi da rani bakinsa a liƙe ma ba lallai ya mutu ba, da yauƙinsa ya toshe ƙofa yana jiran ruwa.

Amma wanda ya fi ci min rai maganar tsargiya ce, wadda a nan ake ce wa bilharsiya. Yaro na fitsarin jini sai ka ji an ce zafin rana ne, ko wai balaga ce ta zo, haba jama'a! Tun 1851 likita Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira, kuma tun da aka gama gina dam ɗin Sennar a 1925 ruwan tur'o'in Jazira mai tafiya a hankali ya zame wa ƙananan dodon koɗi gida. Shi ba ya cizo fa, mai cutar ne zai yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shige jikin dodon koɗi ya hayayyafa, sannan tsutsar ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa a hawasha, wato gona, ko bai kurɓi ruwan ba.

Gyaran shi ne ruwan wanka in daga tur'a aka ɗebo a dafa shi ko a bar shi ya kwana biyu a jarka, mai ban ruwa ya sa takalmin roba dogo, a hana yara fitsari a ruwa. Wanda ya ga jini ya je asibiti a gwada shi a ba shi praziquantel, sai dai maganin ba rigakafi ba ne, ya koma tur'a gobe zai sake kwasowa.