Rauni a Wurin Aiki: Kurakuran da Ke Sa Diyya Ta Salwanta

A masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa da ke Kano, inji ya ci yatsan ma'aikaci ba sabon labari ba ne. Abin takaicin shi ne yadda diyya ke bin iska daga baya, alhali tun 2010 akwai dokar biyan diyyar ma'aikata, kuma NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ce ke riƙe da asusun diyyar.

Babban kuskure shi ne shiru. Sai a ce ƙaddara ce, a tsaya kemis a ɗaure ciwon, a wuce gida. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana neman haƙƙi. Kwana 14 doka ta ba ka ka sanar da kamfani, shi kuma ya kai rahoto NSITF cikin kwana 7. Kada ka tsaya a gaya wa foman da baki; gobe zai ce bai ji ba. Rubuta rana, lokaci, wuri da yadda abin ya faru, a sa hannu a kwafinka. Idan kana kwance, iyalinka su kai. Sannan ka je asibiti, don takardar likita ce hujjarka, ba tabon da za ka nuna ba.

Sai ambulan ɗin "ga wannan ka yi magani". Karɓi kuɗin maganin, amma kada ka sa hannu cewa ka yafe. Doka ma ba ta amince da irin wannan yarjejeniyar ba, sai dai yarjejeniyar tana kashe wa mutum gwiwa har shekara ɗayan da doka ta ba shi ya shigar da buƙatarsa ta diyya ta wuce.

Wasu kuma da kansu suke cire kansu: "Ai ni ɗan wucin gadi ne", ko "ai a hanya na yi hatsarin". Dokar ta haɗa da ɗan wucin gadi da mai koyon aiki, ta haɗa da hatsari tsakanin gida da wurin aiki, har da cutar da aikin ya jawo sannu a hankali, kamar kurumta daga ƙarar inji.

Masu kamfani, ku ma da naku: kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi da ake zubawa a asusun daga aljihunku yake fita. Cire shi daga albashin ma'aikaci saɓa doka ne.