Kurakuran da Masu Koyon Kiɗan Fim a Kwamfuta Suka Fi Yi

Yawancin masu shiga harkar kiɗan fim sun fara ne da haɗa kiɗan waƙa a manhajoji irin su FL Studio, Cubase, Logic Pro ko Reaper, kuma daga wannan sabo ne babban kuskurensu yake tasowa. A waƙa kiɗa ne mai gida, amma a fim baƙo ne da ya sauka wurin hoto da magana. Sai ka ga mai koyo ya tsara kiɗa mai daɗi na minti uku, sa'annan ya shiga neman inda zai cusa shi. Abin da ya dace shi ne a fara shigar da bidiyon cikin manhajar, a kalle shi sau da yawa ba tare da an taɓa komai ba, daga nan a zauna da darakta a daidaita inda kowane kiɗa zai shiga da inda zai fita, da kuma dalilin shigarsa. Duk wurin da aka rasa dalili, a bar shi shiru, domin kiɗan da ba ya tsayawa daga farkon fim zuwa ƙarshe kunnen mai kallo yakan saba da shi har ya daina jinsa, ranar da aka zo fitowar da take buƙatarsa da gaske kuwa sai ya zama ba shi da sauran tasiri.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓata aiki, a ganina, shi ne danne maganar 'yan wasa. Da yawa suna kashe muryoyin yayin da suke tsara kiɗa don kada su dame su, alhali muryoyin nan su ne ainihin abin da ake yi wa rakiya. Sashen sautin da kunne yake dogara da shi wajen rarrabe kalmomi yana tsakanin kilohaz 1 zuwa 4 ne (kilohaz a nan ma'aunin siranta ko kaurin amo ne), kuma a nan sarewa da goge mai siririn amo da saman fiyano suke da ƙarfi. Idan aka ɗora karin waƙa mai yawan motsi da ɗayan waɗannan a kan zance, dole mai kallo ya zaɓi wanda zai saurara. Rage ƙarar kiɗan ba ya warkar da wannan matsala, sai dai ya mayar da shi wani gunaguni da ba a ji sosai amma yana damun kunne. Maganin yana cikin rubutun kiɗan kansa: a sauko da shi zuwa kayan kiɗa masu kaurin amo, a yi amfani da dogayen sautuka marasa gaggawa, a ajiye motsin karin zuwa ɗan tsakanin da ɗan wasa ya yi shiru kafin abokinsa ya amsa. Sai bayan an yi haka ne ikwalaiza, wato abin da ke rage ko ƙara wani sashe na amo, za ta yi amfani wajen rage ɗan abin da ya saura.

Akwai kuma saitin da ya kamata a duba tun kafin a buga sauti ko ɗaya. Ma'aunin sautin bidiyo kilohaz 48 ne, wato ana ɗaukar samfurin sautin sau dubu 48 a kowace daƙiƙa, galibi a bit 24 (ma'aunin zurfin kowane samfuri), amma manhajoji da dama suna buɗewa ne a kan 44.1, wanda shi ne ma'aunin faifan CD. Fayil ɗin 44.1 da aka kunna a matsayin 48 ba tare da an juya shi ba zai ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin 100, amonsa kuma ya ɗaga. Haka nan adadin firam, wato hotunan da ke wucewa a kowace daƙiƙa: akwai 24 na silima, akwai 25, akwai 23.976 da 29.97. Bambancin 24 da 23.976 kamar ba komai ba ne, amma yana kai daƙiƙa 3.6 a cikin awa guda, wanda ya isa ya sa bugun da aka shirya wa buɗe ƙofa ya faɗo bayan mutum ya riga ya zauna. A tambayi mai tace fim adadin da yake aiki da shi, a kuma nemi ya buga lambobin lokaci a jikin hoton. Yana da kyau a san ko an kammala tacewar, tunda yanke daƙiƙa biyu kawai daga fitowa yana iya rushe lissafin kiɗanta duka.

Game da daidaita bugu da hoto, masu koyo sukan bar saurin kiɗa a kan bugu 120 a minti da yawancin manhajoji suke zuwa da shi, su yi ta jan sautuka da hannu. Ya fi sauƙi a sa alama a muhimman wurare biyu ko uku, a nemi saurin da zai sa su faɗo a kan bugu. Ba kowace yanka ko ɗaga gira ake bi da kiɗa ba, wannan salon finafinan zane ne na barkwanci.

Sai batun kayan kiɗan da kwamfuta take kwaikwaya. Tsarin MIDI, wato hanyar da kibod da kwamfuta suke aika wa juna umarnin kiɗa, wanda ya fito a 1983, yana auna ƙarfin kowane bugu da lamba har zuwa 127, kuma wanda ya zana sautukansa duka da ƙarfi ɗaya, ya kuma sa manhaja ta jera su daidai kan layi, zai sami kiɗan da kowa zai gane inji ne ya yi shi. Gara a buga da hannu a kan kibod, a gyara abin da ya kauce sosai kawai. Ga goge da kayan busa, dogon sauti ba ya tsayawa a ƙarfi ɗaya, yana tashi yana sauka, kuma a yawancin tarin sautuka, wato kundin amon kayan kiɗa na gaske da aka naɗa don kwamfuta, ana sarrafa wannan da umarnin MIDI da ake kira CC1 da CC11. A tuna cewa mai busa mutum ne da yake numfashi, don haka a bar masa gurbi tsakanin jimloli. Rukunin goge na babbar ƙungiyar makaɗa kuwa kashi 5 ne, kuma idan aka rubuta wa kowane kashi layinsa daban, sakamakon ya fi na danna yatsu goma a kan sauti guda nesa ba kusa ba. Masu tara sababbin tarin sautuka kullum da fatan su ne za su gyara wannan, da sun tsaya sun ƙware a kan guda ɗaya da ya fi musu.

Sau da yawa mai tace fim yakan ɗora kiɗan wani na wucin gadi, darakta kuma ya shaƙu da shi. Kwaikwayonsa sak yana iya jawo rigimar haƙƙin mallaka. A tambayi darakta abin da yake so a cikinsa, saurinsa ne, ko kayan kiɗan, ko yadda yake hauhawa, sai a gina sabo a kan wannan amsa.

A wajen miƙa aiki ma sabo da kiɗan waƙa yana yin ɓarna, domin an saba matse sauti da limita, wato abin da ke hana ƙara wuce iyaka, har ya kai ƙarshen ƙara. Fim yana da nasa ma'auni; gidajen talabijin na Turai, alal misali, suna bin ƙa'idar EBU R128 wadda ta tsayar da ƙarar shiri gaba ɗaya a kan -23 LUFS (ma'aunin ƙarar sauti), kuma mai haɗa sautin ƙarshe ne zai daidaita wannan. Abin da yake buƙata shi ne fayilolin WAV, ba MP3 ba, waɗanda ba a matse ba, an raba su rukuni-rukuni: ganguna daban, goge daban, kayan busa daban, dukkansu sun fara daga wuri ɗaya, an kuma rubuta lambar lokacin shigar kowane kiɗa a jikin sunansa. Da haka zai iya rage ganga a ƙarƙashin magana ba tare da ya taɓa sauran kiɗan ba.